Gotek ya ceci injin, amma faifan fa?

A 2011, shekarar da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, kamfanin Sony ya daina ƙera faifan fulofi. Ɗaliban yau da yawa ba su taɓa riƙe shi ba. Ɗan faifai ne na inci uku da rabi mai ɗaukar megabait 1.44, wato hoto ɗaya na wayar zamani ma ya fi ƙarfinsa. Sai dai na'urorin da aka ƙera don su yi aiki da shi ba su mutu tare da shi ba.

Masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci a Turai da Amurka sun daɗe da nemo mafita. Sun haɗa wa Commodore 64, wadda ta fito a 1982, wani ɗan allo mai suna SD2IEC da ke karanta katin memori a madadin faifai. Ana yabonsa, amma yabon ya ɗan yi yawa. Mazubin faifai na asali, 1541, yana da ƙwaƙwalwarsa ta kansa, kuma wasanni da dama suna ba ta aiki kai tsaye. SD2IEC ba ya kwaikwayon wannan ƙwaƙwalwa, shi ya sa wasu wasannin ke tsayawa cak.

Commodore ba ta zama ruwan dare a gidajenmu ba, don haka mu bar ta nan. Wanda ya shafe mu shi ne Gotek, ɗan akwati ƙirar Sin da ake sakawa a gurbin mazubin fulofi. A cire tsohon, a jona wannan da waya mai layi 34 ɗin nan, a soka filas. Gotek yana aika wa na'urar sigina irin wanda faifai mai juyawa ke bayarwa, ita kuwa ba ta san an yi mata musanya ba. Tsofaffin injinan surfani na kwamfuta irin su Tajima da Barudan da fulofi suke karɓar zane. Haka ma wasu fiyanon Yamaha PSR, dangin waɗanda aka yi kiɗan finafinan Hausa da su a Kano tun ƙarshen shekarun 1990. Ga telan Kurfi da ya sayo injin ɗan Kwatano, wannan ba wasa ba ne, abincinsa ne.

To amma manhajar da Gotek ke zuwa da ita daga kamfani, gaskiya abin haushi ce. Tana yanyanka filas gida-gida, kowane gida girman fulofi ɗaya, sannan ta nuna maka lamba uku kacal. Wane zane ne a 047? Sai ka duba littafinka, in kana da shi. Wani masani mai suna Keir Fraser ne ya gyara wannan da FlashFloppy, manhaja ta kyauta da ya rubuta, wadda ke nuna sunan fayil idan an ƙara ɗan gilashi. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Matsalarsa ɗaya: bayanin saka ta da Turancin ƙwararru yake, an rubuta shi ne don mai Amiga, ba don tela ba. Kuma a kula kafin a saya, wasu injinan faifai mai kilobait 720 kawai suke ganewa, wasu fiyanon kuma bakin wayarsu daban ne.

Babban gibin yana wani wuri. Gotek ba ya karanta fulofi ko kaɗan, gurbinsa kawai ya gada. Zanen wuyan riga na shekara ashirin, ko kiɗan da makaɗi ya tsara da hannunsa, suna nan kan faifan maganaɗisu da zafi da ƙurar hunturu ke ci a hankali. Masu tallar akwatin ba su cika faɗin wannan ba. Fraser ɗin dai ya haɗa wata na'urar, Greaseweazle, wadda ake jonawa da tsohon mazubi ta kwashe siginar faifai zuwa kwamfutar zamani, har daga wanda ya fara lalacewa. Ita ce ya kamata a fara nema, kuma duk mai gyaran waya da ya iya riƙe ƙarfen narka dalma, ko ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Dutsin-Ma, zai iya koyon aiki da ita.

Saboda haka kar a jefar da tsohon mazubin ranar da aka saka Gotek. A goge kan karatunsa da auduga da sifirit kafin a zura masa faifai, don ƙurar da ta maƙale a kai tana iya karce zanen da ake ƙoƙarin cetowa.