Fentin Ruwa a Inda Ruwa Ke Daskarewa

A shekarar 1924 wani ayarin 'yan Birtaniya ya tashi daga Darjeeling ta ƙasar Indiya, ya keta Sikkim da tudun Tibet, ya yada zango a kwarin Rongbuk da ke gindin Everest. Cikinsu akwai soja Edward Norton da likitan tiyata Howard Somervell. Ranar 4 ga Yuni Norton ya kai tsayin mita 8,570 ba tare da tukunyar oksijin ba, kuma sai a 1978 aka sami waɗanda suka wuce shi a wannan hali. Tarihi ya riƙe wannan bajinta. Ni kuwa abin da ke burge ni game da mutanen biyu shi ne 'yar battar fenti da burushi da kowannensu ya riƙa ɗauka, yana zana duwatsun da yake gani a hanya.

Fentin ruwa ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa ganin ana haɗa tawada. Garin launi ne ake kwaɓawa da ƙaro, irin wanda ake tsinka a jikin ɗakwara a Sudan da Chadi da Yobe, a busar da shi ƙanana kamar sukarin kwali. Da jiƙaƙƙen burushi ya taɓa shi sai launi ya taso. Sirrinsa shi ne ba ya rufe takarda, haskenta na ratsowa ta ƙarƙashinsa. Saboda haka ake farawa da launi mai haske a ƙare da mai duhu, kuma inda duhu ya sauka, to ya zauna. Farin da za ka gani a zanen kuwa takardar ce tsura. Mai zana dusar ƙanƙara ba ya zana ta. Yana zana sama da dutse da inuwar da ke kewaye da ita, ya bar mata gurbinta. Tun kafin ya jiƙa burushi dole ya san inda hannunsa ba zai je ba.

Wannan a ɗaki ma aiki ne ja, balle a kan dutse. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri shida da rabi. A tsayin mita 5,000, oksijin da numfashi ɗaya ke kawowa bai fi kusan rabin na bakin teku ba. Ga mai zane nan ya sami wani dutse ya jingina, ya juya wa iska baya, yana haki. Ya cire safar hannun dama, ya zaro 'yar gorar ruwa daga cikin rigarsa inda ɗumin jiki ya hana ta daskarewa, ya maƙale takarda a allo ta kusurwa huɗu. Ya shimfiɗa shuɗin sama. In akwai rana, busasshiyar iskar tudu za ta shanye ruwan kafin ya kai ƙarshen takarda, ta bar masa layi a tsakiyar sama. In gajimare ya gifta, ruwan ya koma ƙanƙara, gashin burushi ya sandare, launin ya tsattsage kamar ganyen tsamiya. Yatsu kuma sun fara daina jin abin da suke riƙe.

Gwanaye suna da dabarunsu. Takarda ƙarama suke ɗauka, mai kauri, wadda aka yi da auduga, don ba ta lanƙwashewa in ta sha ruwa. Launuka kaɗan, a haɗa sauran a murfin batta. Wasu kan ɗiga sifirit a ruwan don ya jinkirta daskarewa. Edward Wilson, likitan da ya bi Kyaftin Scott zuwa Antatika, da fensir yake zane a waje, ya rubuta sunan kowane launi a gurbinsa, sai ya koma bukka ya sa fenti. Somervell ya fi son takarda mai ruwan ƙasa, irin ta naɗe kaya. Launinta ya yi daidai da ƙasar Tibet, sai ya bar ta ta zama tudun da kanta, ya ɗora farin fenti mai kauri a kan ƙololuwa. Ya juya ƙa'idar ke nan, amma hikimar ɗaya ce: takarda ta yi rabin aiki.

Sai kuma ido. Wanda bai saba ba zai ce dusar ƙanƙara fara ce, inuwarta toka-toka. Gwani ya san inuwar shuɗiya ce, domin hasken sama take sha, kuma da asuba ƙololuwa kan yi ja-ja na ɗan lokaci kafin ta koma fari fat. Ya san sama ta fi duhu a can, kuma tsabtar iska na jawo dutse mai nisan kwana biyu ya zama kamar a miƙa hannu a taɓa. Dole ya rage wa na nesa ƙarfin launi da gangan, in ba haka ba zanen ya baje ba gaba ba baya. Duk wannan lissafi cikin mintuna kaɗan yake yinsa, kafin haske ya sauya ko abokan tafiya su ɓace masa a kwana.

Ayarin 1924 na da mai kyamara, John Noel, amma fim ɗin zamanin baƙi da fari yake ɗauka. Ainihin launin da ido ya gani a wurin, a battar Norton da ta Somervell ya sauko. Har gobe masu hawa Himalaya na yin wannan zane, kuma a jikin wasu takardun za ka ga tabon ƙanƙarar da ta kama launi yana ɗanye. Da yawansu ba sa gyara tabon.