Masu Alkakin Ƙofar Gayan

Kwana biyu kafin a kai gara, wasu gidaje a Ƙofar Gayan, cikin birnin Zazzau, ba a barcin kirki. Tun daren jiya aka kwaɓa barzajjiyar alkama da ɗan mai da ruwan tsami, aka rufe ta ta kwana. Da asuba Inna za ta taɓa kwaɓin da yatsa, ta san ko ya tashi, ko sai an sa masa ruwan kanwa.

Naɗin ne gwaninta. Kowane alkaki da hannu ake murza shi, a lanƙwasa, a jera a faranti, ɗaya bayan ɗaya har ɗaruruwa. Wuta kuma sai a hankali; in ta yi yawa, waje ya ƙone, ciki ɗanye. Daga kasko sai cikin zuma, ko sukarin da aka dafa da tsamiya, ya jiƙu har ƙarshen cikinsa.

Dangin ango za su buɗe kwalla, su ga alkaki da nakiya da dubulan, su yaba gidan amarya. Wadda hayaƙi ya jajanta wa ido kuwa tana can tana wanke kasko. Sannunku da aiki, iyayenmu mata.