Ɗori Bayan Ƙurunƙus: Sharhi a Kan Jerin Fina-finan da Kamfanin Pixar Ya Sanar a 2024 da 2025

1.0 Gabatarwa

Abin da ɗalibin adabi ya saba da shi shi ne a ɗauko littafi guda ko fim guda a feɗe shi, a fito da jigonsa da zubinsa da salonsa da taurarinsa. Wannan takarda ta ɗan kauce wa wannan turba, domin abin da za a yi sharhi a kansa jeri ne, wato jerin fina-finan zane na iyali, waɗanda yara ke kira katun, da kamfanin Pixar na Amurka ya sanar tsakanin 2024 da 2025 cewa su ne ke tafe. Irin wannan jeri ya cancanci nazari, saboda yana nuna nau'in labarin da kamfani ya amince ya zuba wa dukiyarsa, yana kuma fallasa wanda kamfanin ya ɗauka shi ne mai kallonsa na haƙiƙa.

Mazaunin Pixar yana Emeryville a jihar Kalifoniya. Shi ne ya fitar da Toy Story a 1995, dogon fim na farko da aka zana gaba ɗayansa da kwamfuta, kuma a 2006 kamfanin Disney ya saye shi a kan dala biliyan 7.4. Fina-finan da ke cikin jerin guda biyar ne: Hoppers da Toy Story 5, waɗanda aka tsara wa 2026, Gatto, wanda aka tsara wa 2027, sai Incredibles 3, sai kuma Coco 2, da aka ce za a gani a 2029. Uku daga cikin biyar ɗin ci gaba ne na labaran da aka riga aka sani.

2.0 Bambancin kashi da ɗori

Kafin a shiga sharhi, ya kamata a daidaita kalmomin aiki. Mai kallon fina-finan Hausa ya saba da fim mai kashi na 1 da na 2, haka ma mai karanta littattafan soyayya ya saba da littafi na ɗaya da na biyu da na uku. A nan labari guda ne aka yanka shi gida-gida, aka tsaya a inda rai zai biya, domin mai saye ya dawo. Abin da ake magana a kai a wannan takarda daban yake: labari ne da ya riga ya kai ƙarshensa, aka yi masa ƙurunƙus, sannan bayan shekaru aka sake buɗe shi aka ɗora wani a kansa. Wannan shi za a kira ɗori.

Ɗori ba aibi ba ne a karan kansa. Tatsuniyoyin Gizo kusan duka ɗori ne, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi ƙorafin an maimaita Gizo ba. Dalili shi ne Gizo ba ya sauya hali. Zai yi haɗama, asirinsa ya tonu, ya sha wuya ko ya tsere, amma gobe da dare idan aka ce ga ta nan ga ta nanku, sai ga shi da haɗamarsa kamar jiya ba a yi ba. Kyanwa da ɓeran nan na Tom and Jerry, waɗanda suka fara bayyana a 1940, su ma ƴan gidan Gizo ne ta wannan fuska. Tauraron da ba ya koyon darasi ana iya dawo da shi sau dubu.

Taurarin Pixar kuwa an gina su ne a kan sauyi. Tauraro yakan fara da wani kuskure a fahimtarsa ta rayuwa, ya rasa wani abu mai daraja, ya fito a ƙarshe yana wani mutum daban. Sunan da kamfanin ya yi, da wannan zubi ya yi shi. To amma irin wannan tauraro yana da tsada wajen ɗori, domin marubuci yana da hanya biyu kawai: ko dai ya mantar da shi darasin da ya koya domin ya sake koyonsa, wanda hakan cin amanar labarin farko ne, ko kuma ya samo masa sabuwar tambaya wadda rayuwa ba ta riga ta yi masa ba.

Fim ɗin Inside Out 2 na 2024 ya nuna cewa hanya ta biyu tana yiwuwa. A na farko, na 2015, yarinya Riley tana da shekara 11, kuma an mutunta abubuwan da ke cikin zuciyarta su biyar: Farin Ciki da Baƙin Ciki da Fushi da Tsoro da Ƙyama. A na biyu ta kai 13, ta shiga balaga, sai baƙi suka iso, babbarsu ita ce Zullumi. Bambancin da fim ɗin ya yi tsakanin Tsoro, mai kare yarinya daga abin da ido ke gani, da Zullumi, mai ƙirƙiro masifun da ba su auku ba tukuna, bambanci ne da Hausa ma ta tanadar wa kalmomi. (Mai fassara zai fi shan wahala da wani baƙon, wanda a saukake za a ce masa Kunya, alhali abin da yake wakilta ya fi kusa da muzanta, ba kunyar da Bahaushe ke yabo ba.) Ɗorin ya zauna ne saboda yarinyar ta girma da gaske, ba a ƙirƙiro mata matsalar da ƙarfi ba.

3.0 Ɗori uku

Toy Story 5 shi ne ya fi ɗaukar nauyi a wuya. Labarin kayan wasan nan ya riga ya ƙare sau biyu. A 2010, cikin na uku, Andy ya girma zai tafi jami'a, ya ɗauki kaboyi Woody da ɗan sama jannati Buzz da sauran ƴan tsanarsa ya miƙa wa wata ƙaramar yarinya, Bonnie, ya yi wasa da su na ƙarshe, ya ja mota ya tafi. Tambayar da aka faro tun 1995, wato me zai faru da abin wasa ranar da mai shi ya daina buƙatarsa, ta sami amsa cikakkiya a wannan wuri. A 2019 aka sake buɗe labarin, aka raba Woody da abokansa, ya zaɓi zama ba tare da mai shi ba. Wannan ma bankwana ce. Wanda aka yi wa rakiya har sau biyu, idan ya sake yin sallama a ƙofar gida, dole hawayen da aka zubar a baya su rage daraja.

Jigon da aka sanar wa na biyar, a ƙarƙashin jagorancin Andrew Stanton, shi ne karon kayan wasa da na'urar zamani: Bonnie ta sami ƙaramar kwamfuta mai kama da allo, mai siffar kwaɗo, ana kiranta Lilypad, hankalinta ya koma kanta. A gaskiya wannan sabuwar tambaya ce, domin a baya abin da ke raba yaro da abin wasansa girma ne, yanzu kuwa yana ƙaramin ma an ƙwace shi. Sai dai a lura da wanda wannan damuwa ta dama. Yaron da ke riƙe da allon ba ya ganin wata matsala. Uwa da uba ne ke kwana da ita. Wanda ya kalli Toy Story yana ɗan shekara 7 a 1995, a 2026 yana da 38, shi ne mai sayen tikiti, shi ne kuma mai begen ƙuruciyarsa. Fim ɗin iyali dama yakan yi magana da baki biyu, ɗaya ga yaro ɗaya ga babba, kamar yadda tatsuniya ke ba yara dariya tana yi wa manya hannunka-mai-sanda. Abin da jerin ya nuna shi ne bakin da ke magana da babba ya fara rinjaye. Akwai kuma abin mamaki a ce kamfanin da uwar gidansa ke sayar da fina-finai kai tsaye zuwa irin wannan allo ta hanyar Disney+ shi ne zai yi wa iyaye gargaɗi a kansa.

Incredibles 3 bai da wannan matsala sosai, domin iyalan nan masu ƙarfin ban mamaki sun fi kusa da Gizo. Na farko ya fito a 2004, na biyu a 2018, amma labarin na biyu ya tashi ne daidai inda na farko ya tsaya; shekara 14 sun wuce a duniya, jaririn gidan yana nan jariri. An ba Peter Sohn jagoranci, Brad Bird da ya yi biyun farko ya tsaya a rubutu. Ana iya yin irin wannan fim har sau goma ba a ɓata komai ba, ba a kuma ƙara komai ba.

Coco 2, wanda aka sanar a taron masu hannun jari na Disney a watan Maris 2025, shi ne abin fargaba. Na farko, na 2017, an gina shi a kan bikin Ranar Matattu ta ƙasar Meziko. Yaro Miguel ya shiga duniyar matattu, ya gano cewa a can akwai mutuwa ta biyu, wadda ke samun mamaci ranar da mai rai na ƙarshe da ke tuna shi ya manta da shi. Duk ƙarfin labarin ya rataya ne a kan tsohuwa Coco, mahaifiyar kakar Miguel wadda tsufa ke gusar wa da tunani, kuma ita kaɗai ta rage da ke tuna mahaifinta Héctor. An warware ƙullin: ta tuna, an wanke sunan mahaifin, ta rasu, ta sadu da shi. Shiga lahira da dawowa abu ne da ya yi nauyi saboda sau ɗaya ya faru, da kuskure, kuma da sharaɗin a fito kafin gari ya waye. Idan aka mayar da shi hanyar da ake bi a dawo duk lokacin da kasuwa ta buƙata, mutuwa ta zama balaguro ke nan. Dawowar Lee Unkrich da Adrian Molina, waɗanda suka yi na farko, ita ce kaɗai abin da ke kwantar da hankali.

4.0 Hujjar kasuwa

Masu kare jerin suna da alƙaluma a hannu. Inside Out 2 ya tara kusan dala biliyan 1.7 a duniya, alhali Elio, sabon labari na 2025, ya buɗe da kimanin dala miliyan 21 a Amurka, mafi ƙarancin buɗewa a tarihin kamfanin. A watan Mayu 2024 Pixar ya sallami ma'aikata kusan 175, kuma a wannan watan ne shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya shaida wa masu zuba jari cewa za a ƙara jingina da ɗori a ɓangaren zane. Hujjar ita ce, jama'a ne suka zaɓa.

Wannan hujja tana da rauni ta wajen tarihi. Sababbin labarai uku a jere, Soul a 2020 da Luca a 2021 da Turning Red a 2022, ba a baza su a gidajen sinima na Amurka a lokacin fitowarsu ba, an saka su a Disney+ kai tsaye. Annobar korona ta ba da uzuri a farko, amma sakamakon shi ne kamfanin da kansa ya koya wa iyalai cewa sabon labarin Pixar abin jira ne a gida. Fim ɗin da aka zaɓa a koma sinima da shi a 2022, Lightyear, reshe ne na Toy Story, kuma ya faɗi. Elemental kuwa, sabon labari na 2023, ya fara da sanyin jiki, amma bakin waɗanda suka kalla ya yi ta tallata shi har ya kusa dala miliyan 500. Ke nan sanannen suna bai hana faɗuwa ba, sabon labari kuma yana buƙatar a ba shi lokaci ne.

Ƙididdigar fina-finan kamfanin ma tana da abin cewa. Daga 1995 zuwa 2009 ya fitar da fina-finai 10, ɗaya tak ne ɗori, wato Toy Story 2. A wannan zamani ne aka yi labarin ɓeran da ke son zama kuku a Paris, da na'urar share bola da ta kusa rabin sa'a ba a yi wata doguwar magana ba, da tsohon da matarsa ta rasu ya ɗaga gidansa sama da balan-balan. Babu ɗaya cikinsu da ɗan kasuwa mai taka-tsantsan zai sa wa hannu a takarda. Daga 2010 zuwa 2019 kuwa an fitar da 11, bakwai daga ciki ɗori ne ko waiwaye a kan tsofaffin taurari.

5.0 Sababbi biyu

Hoppers na Daniel Chong labarin Mabel ne, matashiya mai son dabbobi wadda aka mayar da hankalinta cikin wani mutum-mutumi mai siffar dabbar ruwan nan da ke datse rafi da itace, domin ta shiga cikin namun daji ta ji maganarsu, ta kuma kare mazauninsu daga wani magajin gari mai son gini. Mutum ya shiga fatar dabba ya ji sirrinta tsohuwar dabara ce a adabin baka, an dai sauya tsafi da kimiyya.

Gatto ya fi jan hankali. An sanar da shi a bikin fina-finan zane na Annecy a Faransa a watan Yuni 2025, kuma mai jagorancinsa Enrico Casarosa ne, ɗan Italiya da ya yi Luca. Tauraron baƙin mage ne mai suna Nero a birnin Benis, inda magudanan ruwa ne tituna, ga camfin da mutane ke yi da baƙin mage, ga bashin wani uban daba na maguna a wuyansa. Tauraro mai bashi, wanda jama'a ke gudu saboda launinsa, yana da tambayar da yaro zai iya ji a jikinsa ba sai uba ya fassara masa ba. Tsofaffin labaran da aka ɗora wa a jerin kuwa na 1995 ne da 2004 da 2017, kuma cikin sababbin labarai shida da kamfanin ya fitar tsakanin 2020 da 2025 babu ko ɗaya da ya sami gurbin ɗori a cikinsa.