Wane Suna Za A Raɗa Wa Zanen Duƙushi?

 Yau zancen doki za mu yi, amma ba na sukuwa ko na hawan sallah ba. Dokin da ke jikin ƙyalle ne, ƙarami, duƙushin da ko ragama bai saba da ita ba. Mai zane ya gama aiki, fenti ya bushe, an wanke burushi, saura ɗan katin nan da ake mannawa a bango gefen zane. Me za a rubuta a kai? Nan ne masu zane da yawa ke cijewa, kuma abin da ke fara zuwa bakinsu shi ne irin su "Fata", ko "'Yanci", ko "Manyan Gobe". Ni dai a ganina waɗannan sunaye sun yi wa duƙushi nauyi. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Bari mu fara da dokin da sunansa bai ba kowa wahala ba. A gidan zane-zane na National Gallery da ke Landan akwai wani zane mai tsayin kusan mita 3, aikin George Stubbs, mutumin Liverpool, wanda ya yi shi wajejen 1762. Ingarma ne ja mai hasken geza da wutsiya, ya yi taɓarya, ya ɗan waiwayo yana hararar mai kallo. Babu mahayi, babu sirdi, babu linzami, babu ko ciyawa a ƙarƙashinsa, sai fili fayau a bayansa. Sunan zanen Whistlejacket, sunan dokin ke nan, ba ƙari ba ragi. Suna ɗaya ya wadatar saboda dokin ya riga ya yi abin faɗa. An haife shi a 1749, jikan shahararren ingarman nan ne da ake kira Godolphin Arabian, kuma a 1759 ya ci tseren mil 4 a garin York, inda aka sa kuɗin zinariya gini 2,000. Mai shi, Marquess na Rockingham, shi ya sa aka zana shi. Duk wanda ya shiga gidan attajirin a wancan zamani ya ji sunan, ya san labarin. A 1997 aka sayi zanen kan fam miliyan 11.

To, amma shi wannan Stubbs ɗin, idan ya juya kan ƙananan dawaki, sai ka ga sunaye sun ɓace. Zanensa da ke gidan zane-zane na Tate, na goɗiyoyi da 'ya'yansu a ƙarƙashin bishiya, an san shi ne kawai da abin da ke cikinsa: goɗiyoyi da 'ya'yansu a bakin kogi. Kada a ce rashin sanin doki ne. Mutumin nan ya yi kimanin wata 18 a wani ƙauye mai suna Horkstow yana feɗe gawawwakin dawaki, yana zana tsoka da jijiya da ƙashi ɗaya bayan ɗaya, har ya fitar da littafi kan ƙirar jikin doki a 1766. Abin da ke nan shi ne, duƙushi bai yi komai ba tukuna. Har yau a harkar dawakin sukuwa na Turai da Amurka, sau da yawa akan kai ɗan shekara ɗaya kasuwar gwanjo ba shi da suna, sai dai a ce ɗan ingarma wane da goɗiya wance. Sunan yana zuwa daga baya, kuma hukumar rajista ba ta yarda ya wuce haruffa 18.

Wannan ita ce matsalar mai zanen duƙushi. Babu tarihin da zai jingina da shi, sai ya ji kamar dole ya ari wata babbar kalma ya cike gurbin.

Ku zo mu je Munich ta ƙasar Jamus, gidan Lenbachhaus, mu tsaya gaban zanen da na fi so a wannan fanni. Franz Marc ya yi shi a 1911. Duƙushi ne a tsaye, ya cika tsakiyar ƙyallen, ƙafafunsa miƙaƙƙu kamar bai gama amincewa da su ba, ya karkatar da kai gefe ya ɗan sunkuyar, sai ka ce wani abu yake saurare. Bayansa tuddai ne, ja da rawaya da kore. Shi kuwa shuɗi ne, shuɗi sosai, da haske-haske a ƙirji. Marc mutum ne mai zurfin tunani a kan launi. A wasiƙar da ya rubuta wa abokinsa August Macke a ƙarshen 1910, ya bayyana cewa a wurinsa shuɗi launin namiji ne mai kamewa da kusanci da ruhi, rawaya ta mace ce mai taushi da fara'a, ja kuwa nauyin abin duniya. A shekarar da ya yi zanen ne kuma shi da Wassily Kandinsky suka kafa ƙungiyar masu zane ta Shuɗin Mahayi. Mutum mai wannan falsafa a ciki, da ya so, da ya raɗa wa zanen suna mai tsawon zira'i. Sunan da aka san zanen da shi kuwa: Shuɗin Doki na Ɗaya. Akwai na biyu, shi ya sa aka sa lamba.

Ku dubi abin da sunan ya yi. Bai ce maka ka ji tausayi ba, bai ce ka yi murna ba. Ya faɗi abu ɗaya da ba ya yiwuwa a duniya, ya faɗe shi kai tsaye kamar ba komai ba, ya bar ka da mamakinka. Marc ya mutu a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya kusa da Verdun a 1916, yana da shekara 36. Mai kallon da ya san haka, idan ya dubi sunkuyen kan duƙushin yau, wani abu daban yake gani, kuma sunan bai tare masa hanya ba. Da an kira zanen "Farin Cikin Ƙuruciya", da yanzu katin da zanen suna musu da juna.

Ba wai na haramta suna mai daɗi ba ne. A gidan Metropolitan na New York akwai zanen Han Gan na ƙasar Sin, na wajejen shekara ta 750, dokin Sarki Xuanzong ɗaure a turke, ido a zare, hanci a buɗe, kofato a sama. Ana kiransa Farin da ke Haskaka Dare. Suna ne kamar waƙa, amma ba mai zane ya ƙago shi don ya burge ba, sunan dokin ne a bargar sarki. Haka Xu Beihong, shi ma mai zane ɗan ƙasar Sin, wanda ya zana doki a guje a 1941 yana tsibirin Penang: abin da ya rubuta a gefe kwanan wata ne da damuwarsa kan yaƙin Changsha da ake gwabzawa a gida. Dokin ne ya ɗauki sauran maganar.

Mai zane Bahaushe ma ya fi kowa sa'a a nan, don masu barga sun daɗe da yi masa aikin. Akawal, kili, hurde, danda, gunya, kowane launi da sunansa. Ka rubuta "Duƙushin Akawal", duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan daushe ya ga dokin tun kafin ya ɗaga ido. Ka ƙara wuri ko lokaci, "Danda, da Hantsi" ko "Kwana Uku da Haihuwa", ka ba mai kallo abin da ido kaɗai ba zai ba shi ba. Wannan na biyun ya fi burge ni. Ɗan doki kan miƙe tsaye cikin sa'a ɗaya ko biyu da faɗowarsa, kuma ƙafafunsa tun ranar sun kai kusan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na tsawon da za su yi idan ya girma. Shi ya sa yake zama duk ƙafa, gwiwa ƙulu-ƙulu, sai ya tale kafin bakinsa ya taɓa ƙasa. Wanda bai san doki ba zai iya cewa mai zane ne ya kuskure awo. Katin da ya faɗi kwanakinsa ya kashe wannan gardama.

Masu cewa a bar shi "Babu Suna" fa? Hakkinsu ne, amma su sani mutane ba sa barin zane haka. James Whistler ya kira zanen da ya yi a 1871 Tsarin Toka-toka da Baƙi na Ɗaya, duniya ta yi biris da shi, har gobe Mahaifiyar Whistler ake cewa. Dillali da mai saye da ɗan jarida duk sai sun kira zanenka da wani abu, kuma ba lallai ya yi maka daɗi ba. Don haka idan ka tsayar da suna, ka juya ƙyallen ka rubuta shi a baya da hannunka, tare da shekara da wurin da ka yi aikin, domin katin bango yakan ɓace tun a baje koli na farko.