Littafin Da Kunne Ke Karantawa: Nazari Kan Lambar Yabo Ta Charlotte Zolotow

Tun 1938 Ƙungiyar Laburarori ta Amurka ke bayar da lambar Caldecott ga littafin yara mai hotuna da ya yi fice a shekara, amma mai zanen ake miƙa wa, marubucin labarin kuwa sai dai ya tafa. A 1963 littafin Charlotte Zolotow mai suna Mr. Rabbit and the Lovely Present ya shiga jerin waɗanda aka karrama, sunan mai zanensa Maurice Sendak aka kira. A 1998 cibiyar nazarin littattafan yara ta Jami'ar Wisconsin da ke Madison ta cike wannan giɓi, ta ƙirƙiro lambar shekara-shekara da sunan Zolotow, wadda ta daɗe tana edita a kamfanin Harper, ta kuma rubuta littattafai sama da 70. Ana ba da ita ne ga wanda ya fi iya tsara kalmomin littafin hotuna na yara daga haihuwa zuwa shekara bakwai, kuma Vera B. Williams ce ta fara karɓa. A ganina masu wannan lamba sun gano abin da ake yawan mantawa.

Yaro ɗan shekara uku ba ya karatu, karanta masa ake yi. Yana zaune a cinyar mahaifiyarsa, ido a kan hoto, yatsa a kan shafi, kunne yana bin bakinta. Ke nan kowace kalma sai ta bi ta harshen babba, sau da yawa babban da ya wuni yana aiki, kuma yaron zai nemi a maimaita littafin gobe da jibi. Jimlar da ke sarƙe harshe ba ta jure wannan. Wadda aka auna da kyau kuwa yaro haddace ta yake yi, ka tsallake kalma ɗaya ya tsayar da kai ya gyara maka. Galibin waɗannan littattafai shafi 32 ne, don haka dole marubuci ya san inda zai yanke magana har hannun yaron ya ƙosa ya juya shafi. Duk wanda ya saurari tatsuniya a bakin kaka ya san aikin maimaici da ƴar waƙar tsakiyar labari.

Wasu za su ce kalmomi ƙalilan ba su kai a kira su adabi ba. Ƙarancin nasu ne wahalar, domin babu inda kalma maras amfani za ta ɓuya. Wasu kuma su ce ba a raba rubutu da hoto a irin wannan littafi. Akwai gaskiya a nan, ga Kevin Henkes ya haɗa lambobin biyu a 2005 da Kitten's First Full Moon. Amma shekara sittin ana yaba hoto shi kaɗai ba a ce an raba komai ba. Sukar da ta fi nauyi ita ce manya ke alƙalanci a madadin waɗanda ba su iya faɗin ra'ayinsu, kuma manya kan yi kuskure: Goodnight Moon na Margaret Wise Brown ya fito a 1947, laburaren birnin New York bai saka shi a kantocinsa ba sai 1972, alhali yara sun daɗe da rungumarsa. Wannan hujja ce a kan yadda ake alƙalancin, ba ta rushe lambar ba. Idan aka janye alƙalai kasuwa ce za ta zaɓa, ita kuwa abin da ya fi walƙiya take turawa gaba. Abin da ya wajaba a kan kwamitin shi ne kada ya yanke hukunci a kan littafin da bai karanta da ƙarfi a gaban yara ba, ya ga ko sun nemi ƙari.