Gishirin da Bai Ɓace Ba

A darussan kimiyya na firamare akwai wanda ake wa kallon mai sauƙi: sauyin da abu kan yi ya dawo yadda yake, da sauyin da ba ya dawowa. Malamin da ke sauri sai ya rubuta jeri biyu a allo, yara su haddace, a tashi. Amma a cikin garin Katsina, inda aka buɗe kwalejin horar da malamai tun 1922, har yau akwai malaman da ba su da ɗakin gwaji, sai kwano da gishiri da ƙanƙarar 'yan nairori, kuma da su suke yin darasin da ke zama a kan yaro.

Gwanintar tana cikin tambaya. Malama za ta dama gishiri a ruwa, ta ce, "Yara, ina ya tafi?" Sai aji ya ɗauka: "Ya ɓace, Malama!" Ba za ta ce sun yi kuskure ba. Za ta sa ɗaya ya ɗanɗana, sannan ta zuba ɗan ruwan a faranti ta kai rana. Zafin bazara a Katsina yakan kai digiri 40, don haka ba za a daɗe ba ruwa zai ƙafe, farin gishiri ya fito a gindin faranti. Yaron da ya ce ya ɓace, shi ake kira ya lakato da yatsa. Wannan haƙurin na barin yaro ya gano da kansa shi ne ya fi burge ni.

Ƙanƙara da man shanu ba sa ɗaukar lokaci: su narke, su sake daskarewa, kowa ya sani.

Inda darasin ke daɗi shi ne wajen laka. A ba kowane yaro ɗan curi ya gina ƙaramar tukunya, a shanya. Idan ta bushe ƙamas, a jefa ɗaya a ruwa, sai ta saki ta koma laka. A jefa tsingaron tukunyar da aka gasa, ya kwana a ruwa bai ko motsa ba. Dalili kuwa, wuta mai zafin sama da digiri 500 takan kori ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayoyin lakar, abin ya zama wani abu daban. Daga nan yaro zai gane me ya sa damina ke cin ganuwa, me ya sa ginin ƙasa irin Hasumiyar Gobarau ke bukatar yaɓe, alhali randar gidansu ta yi shekara da shekaru cike da ruwa.

Kyandir kuma yana haɗa duka biyun a wuri guda. Kakin da ya narke ya gangaro zai daskare, wanda ya ƙone kuwa ya bi iska.

Sai tarkon da ke gwada malami. Wani mai wayo zai ɗaga hannu: "Malama, gero idan aka niƙa ai ba ya komawa tsaba." Gaskiya ne, amma gari gero ne har yanzu, ba kamar madarar da ta kwana ta zama kindirmo ba, wadda ƙwayoyin halitta suka mayar da zaƙinta tsami. Malamar da ta ƙware takan yaba masa, ta ba ajin tambaya ta biyu: shin an samu sabon abu? Da ita za su tafi gida su duba gawayin murhu, da tsatsar ƙusa, da ƙosan safe, gobe kowa ya kawo hujjarsa.