Malama Ɗaya, Aji Shida

Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Birnin Ƙonni ya nufi Madawa ya san Galmi, in ba don albasarta ba to don asibitinta. Ƙungiyar mishan ta SIM ce ta buɗe asibitin a 1950, kuma tun daga lokacin likitoci da ma'aikatan jinya ke zuwa daga Amurka da Turai da Ostareliya su yi shekaru, da yawansu tare da iyali. Majinyaci ya san fuskar likitan da ya yi masa aiki. Abin da ba ya gani shi ne aikin da ke gudana a gidajen ma'aikatan tun da sassafe, inda aka kwashe kwanukan karin kumallo aka jera littattafai a kan teburin, uwa ta zama malamar aji, ta zama hedimasta, ta zama mai riƙe rajista. Wani gidan uwar ce likita, uban ke riƙe da alli, wani lokacin kuma a dace da malamin sa-kai ya tara yaran gidaje biyu ko uku. Amma galibi nauyin a kan uwa yake. Makarantun gwamnati a can ba da Ingilishi suke koyarwa ba, kuma Yamai, inda makarantar Sahel Academy take, tana da nisan kusan kilomita 500.

Ba sai mutum ya yarda da wa'azin da ya kawo su ba kafin ya yaba wannan gwaninta. Ni dai abin da ya ja hankalina shi ne yadda mace ɗaya take karantar da 'ya'ya biyar ko shida, kowa da matakinsa, a ƙasar da ba tata ba, shekara da shekaru, kuma a ƙarshe jami'o'in ƙasarsu su karɓi yaran.

A da ba haka ake yi ba. 'Yan mishan na zamanin baya makarantar kwana suke tura 'ya'yansu. An buɗe Hillcrest a Jos a 1942, bayan 'yan shekaru kuma SIM ta kafa Kent Academy a Miyango, da sunan Thomas Kent, ɗaya daga cikin mutum uku da suka sauka Legas a 1893 da niyyar shigowa cikin ƙasa, yankin da a lokacin ake kira Sudan. Yaro ɗan shekara shida ake ɗaure wa akwati, ya yi watanni bai ga uwarsa ba. Wasu sun ji daɗin wannan rayuwa, sun yi abokan da ba su rabu ba har tsufa. Wasu kuwa, daga irin waɗannan makarantu a sassan duniya, sun girma sun faɗi kaɗaicin da suka sha, har akwai ƙungiyoyin da suka binciki cin zarafin da aka yi a makarantunsu suka nemi gafara. Da karatun gida ya samu gindin zama a Amurka, inda ya zama halal a dukkan jihohi 50 zuwa 1993, sai iyaye da yawa suka ce ba za su ƙara rabuwa da ƙananan 'ya'yansu ba.

Kayan aikin ma sun riga su samuwa. Tun 1891 Charlotte Mason ta kafa makarantar wasiƙa a Ingila, tana aika wa iyaye jadawalin kowane zango da tambayoyin jarrabawa, har zuwa gidajen Turawan da ke aiki a ƙasashen waje. Makarantar Calvert ta birnin Baltimore ta shahara da aika karatun shekara guda cikin kwali, har da fensir da takardar rubutu. A 1990 John da Sarita Holzmann suka fito da manhajar Sonlight, da nufin kada rashin makaranta ya kori 'yan mishan daga bakin aikinsu. Faransawa suna da tasu makarantar karatu daga nesa, CNED. Jamusawa, da dokarsu ta hana karatun gida a cikin ƙasa, suna da makarantar wasiƙa don 'ya'yansu da ke waje.

Sai dai kwali ba ya koyarwa. Mu ɗauki gida mai 'ya'ya shida: babba shekara goma sha huɗu, sai sha biyu, sai tara, sai bakwai, sai mai biyar da ya fara gane baƙaƙe, sai na goye. Ko an cire na goyen, yara biyar da darussa biyar kowanne, darasi ashirin da biyar ke nan kowace rana. Babu malamin da zai iya. Uwar da ta gwada kwaikwayon makarantar boko, kowa da ajinsa da ƙararrawarsa, kafin wata uku ta gaji ta fara kuka.

Gwanar kuwa tana fara ne da tantance abin da dole a raba da abin da za a iya haɗawa. Lissafi da koyon karatu tsani ne, ba a tsallake mataki, don haka kowane yaro da nasa. Tarihi da labarin ƙasa da kimiyya da karatun Littafi Mai Tsarki kuwa ba su damu da shekaru ba. Sai ta tara su duka ta karanta musu babi ɗaya kan Masar ta dā, ko kan yadda jini ke zagaya jiki, sannan ta bambanta abin da take nema daga kowa. Mai shekara biyar ya zana dala ya shafa launi. Mai bakwai ya maimaita labarin da bakinsa. Mai tara ya rubuta jimla biyar. Manyan biyu su ƙaro karatu daga wani littafi su rubuta shafi guda. Da wannan kaɗai darussa ashirin da biyar sun koma goma sha wani abu.

Maimaita labarin nan da baki shi ne abin da na fi so cikin dabarun duka, kuma Charlotte Mason ce ta ɗaukaka shi. A karanta wa yaro sau ɗaya tak, a rufe littafi, a ce faɗa mini abin da ka ji. Da yake ya san ba za a sake ba, sai ya kasa kunne. Ba a buƙatar takardar jarrabawa, ba a buƙatar jan biro, kuma uwa na iya sauraronsa tana yankan albasa ko tana shayar da jariri. A nan take za ta gane ko ya fahimta ko kalmomi kawai ya haddace. Mason ta kuma nace a kan gajeren darasi ga ƙanana, minti goma zuwa ashirin, a tashi tun hankali bai gudu ba.

Ragowar darussan da ba su haɗuwa, zagaye ake yi musu. Uwa ta zauna da mai shekara bakwai minti ashirin a kan lissafi. A daidai wannan lokaci mai sha biyu yana biya wa mai biyar haruffa, mai tara yana wasa da jariri a tabarma, babba yana can ɗaki da littafinsa shi kaɗai. Minti ashirin ya cika, a juya. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ji wannan baƙon abu ba: malam ɗaya, almajirai da yawa, kowa da inda allonsa ya tsaya, gardi yana biya wa kolo, malam kuma yana jiran wanda ya shirya ya zo a ɗora masa. Yaron da ya koya wa ƙaninsa haɗa baƙaƙe shi ma nasa karatun ya ƙara zama.

A nan ne ainihin sirrin yake, a ganina. Duk ƙoƙarinta shi ne kowace shekara a rage yawan buƙatarta. Shi ya sa take zuba ƙarfinta a kan mai koyon karatu, domin ranar da ya iya karanta umarni da kansa ta samu awa guda. Daren Lahadi takan rubuta wa kowa aikin mako a ɗan littafinsa. Yaron da ya kai shekara goma shi ke duba abin da ya rage masa, ya yi, ya soke, ya kawo a duba. Mai sha huɗu kusan shi ke tafiyar da karatunsa, sai ya ci karo da abin da ya gagare shi. In ba haka ba gida mai yara shida ba zai taɓa kai ƙarshen manhajar mako 36 ba.

Ga kuma ƙasar da ake ciki, wadda ba ta san da jadawali ba. A watan Afrilu da Mayu zafin Sahel yana haura digiri 40, in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya babu ƙwaƙwalwar da za ta yi lissafi da ƙarfe biyun rana. Saboda haka abu mai wuya da safe ake gama shi, karatun labari a bar shi sai la'asar. Zazzaɓin cizon sauro kan kwantar da yara biyu a mako ɗaya, wani lokacin har da malamar. Bayan 'yan shekaru kuma akwai komawa gida na watanni, ana yawo coci-coci ana ba da rahoto ga masu tallafi, karatu a bayan mota. Ambaliyar kogin Kwara ta cinye harabar Sahel Academy a 2012. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙasashe sun yi ta kwashe mutanensu daga Nijar. Makarantar da ta dogara da uwa da jakar littattafai ita ce ke ci gaba a filin jirgi ko a gidan kaka.

Sai maganar baƙi. A ƙasar Hausa ba a barin mai sallama a tsaye, kuma gidan ɗan mishan ba ya rabo da sallama: maƙwabciya ta zo gaisuwa, wata ta zo da yaro mai zazzaɓi, mai tallan ƙwai, mai neman shawara. Wadda ta rufe ƙofa ta ɓata aikin da ya kawo su, wadda ta buɗe ta kowane lokaci kuma ta kashe makaranta. Masu wayo sukan fita su gaisa yadda ya kamata, a tambayi gida da gajiya da yara, sannan su ce, "Ki yi haƙuri, yara na karatu, in Allah ya kai mu la'asar zan shigo." Uzuri ne da kowa ke girmamawa, muddin ta cika alkawarin shigowar. Kuma da yake kowane yaro ya san aikinsa na gaba, tashinta na minti goma ba ya wargaza aji.

Littattafai tun shekara guda kafin a buƙace su ake odarsu, su zo cikin jakar wani baƙo mai nauyin kilo 23, ana ciniki tsakanin littafin kimiyya da takalman yara. Ba a rubutu cikin littafin aiki, don ƙanne uku na jiransa. Gara na ci, ƙurar hunturu na kashe firinta. Intanet da na'urar karanta littattafai sun rage wahalar, amma ba a yarda da su ɗari bisa ɗari.

Abu mafi wuya shi ne shirya yaro don ƙasar da ba ya cikinta ba tare da an raba shi da wadda yake ciki ba. Littafinsa na lissafi yana maganar inci da mil da ƙananan kuɗin Amurka da bai taɓa riƙewa ba, alhali a kasuwa da sefa yake ciniki, inda ake ƙirga kuɗi biyar-biyar, sefa ɗari a ce dala ashirin. Uwa mai basira ba ta zaɓar ɗaya. Aike zuwa kasuwa ya zama darasin ninkawa da biyar. Ɗakin gwaje-gwajen asibiti ya zama ajin kimiyya, inda yaro zai leƙa madubi ya ga ƙwayar zazzaɓin da ta kwantar da shi. Da yamma a sake su su buga ƙwallo da yaran unguwa, kuma daga nan ne suke samun Hausar da ta fi ta iyayensu daɗin ji. Masaniyar zamantakewa Ruth Hill Useem, wadda ta yi nazarin iyalan Amurkawa a Indiya a shekarun 1950, ita ta fara bayyana irin waɗannan yara a matsayin masu wata al'ada ta uku, ba ta iyayensu zalla ba, ba kuma ta masu masauki ba. Gidan da ya kulle yaransa cikin katanga ya hana su rabin gādonsu.

Akwai inda abin ke da aibi, kuma ba a cika faɗa ba. Babbar 'ya takan koma 'yar raino har nata karatun ya raunana. Yaron da ke da matsalar gane haruffa kan daɗe ba a lura ba, tunda babu wani malami na biyu da zai gani. Sannan kusan kowace irin wannan makaranta tana tsaye ne a kan wata mace 'yar gari da ke wanki da girki da goyo, wadda sunanta ba ya fitowa a wasiƙun da ake aika wa masu tallafi, kuma nata 'ya'yan suna ajin da yara suka yi wa malami yawa. Ya kamata a riƙa ambatarta.

Sanin inda ƙarfi ya ƙare ma yana cikin gwanintar. Da yaro ya kai sakandare sai batun takardu ya taso: sakamakon kowane darasi, littattafan da aka karanta, jarrabawar SAT ga masu nufin Amurka ko ta Kambirij ga masu nufin Ingila. Uwar da ta ajiye komai cikin fayil tun farko ba ta shan wahala. Da yawa kuma a wannan mataki suke miƙa kimiyyar sinadarai da babban lissafi ga malaman intanet, ko su kai yaron Jos ko Yamai, yanzu da ya yi ƙwarin da zai iya kwana nesa da gida.

Mu da gidajenmu suka fi nasu yawan yara, kuma yajin aiki da rashin tsaro suka sha rufe mana makarantu na watanni, ba ma buƙatar kwalin Baltimore kafin mu ɗauki wani abu a nan. Ranar da aka sake turo yara gida, iyaye su ware awa biyu bayan karin kumallo, a karanta wa kowa babi ɗaya, a rufe littafi a ji daga bakin kowane yaro, babba kuma ya biya wa ƙarami.